Kuɗin gyaran fili: ƙasa za mu zuba ko rafi za mu yashe?

Koci_Na_Fili:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin zaman kwamiti na ranar Lahadi. Kun san tun bayan ƙaramar Sallah muke karo-karo don gyaran filin ƙwallonmu na bayan firamare, wanda ya yi iyaka da rafin Getsi. Abin da ke hannun ma'aji yanzu naira dubu 640 ne. Niyyar farko ita ce a sayi jar ƙasa a cike ramuka, a sauya turakun da suka ruɓe, a saka sabuwar raga. To ruwan makon jiya ya dagula lissafi. Rafin ya tumbatsa ya shigo har tsakiyar fili, da ya janye sai ya bar mana baƙin taɓo mai ɗoyi, da leda, da famfas, da fasassun kwalabe. Yara biyu sun yanke a ƙafa. Wasu 'yan kwamiti na cewa a zuba ƙasar kawai a ɗaga filin, wasu na cewa asarar kuɗi ce muddin kwalbatin da ke ƙasanmu yana toshe. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba. Ina za mu fara?

Lamba_Tara:
Koci wallahi a zuba ƙasa. Don fili muka tara kuɗin nan, ba don rafi ba. Ni da kaina na bi shaguna da kwali ina roƙo. Rafi aikin gwamnati ne. Gasar unguwanni saura wata biyu, kuma yanzu a filin wasu muke aron atisaye, sai sun gama nasu su ba mu ragowar magariba.

Maman_Yan_Biyu:
Ɗaya daga cikin yaran da Koci ya ce sun yanke nawa ne. Ɗinki huɗu aka yi masa a tafin ƙafa, aka ƙara da allura. Lamba_Tara, ɗana, ina jin zafin da kake ji, amma ni ko zinare kuka shimfiɗa a filin nan yarana ba za su koma ba sai an san yadda aka yi da ruwan. Ku zo ku shinshina kayan da ya dawo da su, na wanke har na gaji warin bai fita ba.

Injiniya_SB:
Koci, bari mu yi lissafi tukuna, don kada a yi ta musu a kan iska. Filin namu bai kai na manyan wasanni ba, wanda yake mita 105 a 68. Namu mu ce mita 90 a 50, wato murabba'in mita 4,500. In kana son ɗaga shi da santimita 10 kacal, ƙasar da za ka buƙata ta kai kubik mita 450. Tifa mai ɗaukar kubik 10 sai ta yi sawu 45. Ku je ku tambayi kuɗin sawu ɗaya a yau, ku ninka, sannan ku ƙara na gireda da na abin daddanne ƙasa. Kuɗinku ba zai kai ko'ina ba. Kuma santimita 10 ɗin ma ruwan da na gani ranar Talata ya haura shi nesa ba kusa ba, don ya taɓa gwiwar yaro.

Abin da ya sa ruwan yake shigowa ba wai filin ya yi ƙasa ba ne kawai. Ruwa yana zuwa kwalbati ya tarar da bakinsa a cushe, sai ya ja da baya ya nemi wuri mafi sauƙi, filinmu kuwa shi ne kawai sarari da ya rage a wannan gaɓar, ko'ina an gine. In ka zuba jar ƙasa ba ka buɗe kwalbatin ba, ruwan Agusta zai kwashe ta ya kai ta bakin kwalbatin ya ƙara toshe shi. Ka ga ka sayi matsala da kuɗinka ke nan.

Sai_Masu_Gida:
Injiniya ya gama magana. A rufe zaure a tafi sallah.

Lamba_Tara:
Bai gama ba Yaya. To a yashe, na ji. Bara ma ai an yashe ranar tsaftar ƙarshen wata. Kafin sati uku ya sake cika. Mu yi ta yashewa mutane na ta zubawa, mu kuma mu tsufa ba mu buga ƙwallo ba?

Anti_Nas:
Ni ta fuskar lafiya zan yi magana. Yankan kwalba a taɓo irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk yaron da ya yanke a wanke wurin da ruwa mai tsafta da sabulu nan take, a kai shi asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus. Don Allah a daina zuba ƙasa ko toka ko man birki a kan ciwo. Na biyu, ruwan nan akwai bayan gida a cikinsa, kowa ya sani, kuma ta nan kwalara da taifot suke samun hanya. Yaro ya ɗauko ƙwallo daga cikin rafi da hannu, ya dawo ya fasa ledar ruwa da haƙori yana riƙe da ita da wannan hannun, shi ke nan. Koci, ko ba a yi komai ba, a ajiye bokiti da sabulu a bakin fili, kuma a hana ƙanana shiga ɗauko ƙwallo.

Koci_Na_Fili:
Anti na gode. Maganar ɗauko ƙwallo ita ce babban ciwon kaina. Gola ya yi sake, ƙwallo ta faɗa ruwa, kafin ka buɗe baki yara uku sun yi tsalle. Akwai wata doguwar gora da muka ɗaura wa kwando, amma ba sa jiran ta.

Dan_Birged:
Duk wannan laifin masu jima ne. Su suke sako mana guba daga kamfanoni. Ruwan nan wata rana ja, wata rana shuɗi, wata rana baƙi ƙirin. A rufe su gaba ɗaya a huta.

Baba_Tsohon_Majemi:
Yaro, sannu da zafin rai. Na yi aikin fata a kamfani har na yi ritaya, bari in gyara maka zance kaɗan. Mafi yawan manyan kamfanonin jima suna Challawa da Sharaɗa ne, kudu da gari. Ruwan Sharaɗa ta rafin Salanta yake bi ya faɗa kogin Challawa, bai biyo ta ƙofar gidanka ba. Namu na nan daga Bompai yake gangarowa ta Getsi, ya je ya haɗu da Jakara, su tafi tare har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A Bompai akwai masu fata, gaskiya ne, amma akwai masu roba da masu rini da masu kayan abinci da sauransu, kuma da yawa sun rufe tun da wutar lantarki ta gagara. Launin da kake gani galibi na rini ne.

Ban ce jima ba ta da laifi ba. Jimar kamfani ba irin ta iyayenmu ba ce ta bagaruwa da toka. Fata tana zuwa da gishiri jibge don kada ta ruɓe, sai a wanke gishirin, ina zai tafi? Sannan a jiƙa ta da farar ƙasa da wani sinadari mai cire gashi, shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashin mutum cikin dare. Daga nan a shiga jima da sinadarin kuromiyom, fata ta fito shuɗiya-shuɗiya. Ka'ida ita ce duk ruwan nan ya bi ta tankunan tacewa, laka ta kwanta a kwashe ta, sannan a saki ruwan. Tankunan suna cin wuta, suna cin magani. Inda na yi aiki, in janareta ne ke ɗauke da kamfani, injin tacewa shi ne na farko da ake kashewa. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Amma famfas da Koci ya tsinta a fili, wane kamfani ne ya haifi jariri?

Sai_Masu_Gida:
Baba ya buga ta a raga daga tsakiyar fili!

Dan_Birged:
Allah ya huci zuciyar Baba. To amma guba ai ta fi famfas illa. Famfas kana gani ka kauce, guba fa?

Injiniya_SB:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, sai dai abubuwa biyu ne daban. Abin da ke cikin ruwan, na kamfani da na masai, shi ke sa ruwan ya zama cuta. Abin da ke toshe hanya, leda da robobi da tsummoki da yashi, shi ke sa ruwan ya baro hanyarsa ya zo filinmu. Na farkon ya fi ƙarfin naira dubu 640. Na biyun ne muke da iko a kansa.

Dan_Lambu:
Ina ta karantawa na yi shiru, amma na ga an kusa zuwa kanmu. Duk lokacin da aka tayar da maganar rafin nan, ƙarshenta a ce 'yan lambu suna shayar da latas da ruwan ƙazanta. E, da shi muke ban ruwa da rani, mu da na Kwakwaci da na hanyar filin jirgi da duk masu noma a gaɓar Jakara. Da wanne kuke so mu yi? Kakana a nan ya yi lambu, a lokacin ana kama tarwaɗa a rafin nan ana wanka a ciki. Ba mu muka ɓata shi ba, a kanmu ya ɓaci. Mu ne muke tsayawa a ciki tun asuba, ku zo ku ga ƙafafunmu yadda suka tsattsage. In za a yashe ina goyon baya, amma a sanar da mu ranar, don injinan ban ruwanmu da tiyo suna bakin wurin.

Maman_Yan_Biyu:
Malam ba wanda ya zage ku. Amma tunda ka kawo maganar, ni dai na daina sayen latas ɗin bakin titin nan. Wanda zan dafa ya dahu ina saye, ɗanye kuwa a'a.

Anti_Nas:
Maman yara, dahuwa tana kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, wannan haka ne. Amma ba ta cire ƙarfe irin su dalma da kuromiyom in ganye ya riga ya zuƙa daga ƙasa. Shi ya sa maganar ta wuce wankin ganye. Kuma dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa, ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare. Ba ina cewa namu ya kai can ba ne, hanyar ma daban ce. Ina nufin irin wannan abu ba a gane shi da ido ko da hanci, sai an kai ƙasa da ruwa ɗakin gwaji.

Dalibar_BUK:
Anti, a kan wannan zan iya taimakawa. Ɗalibai da malamai sun daɗe suna ɗibar ruwan Jakara da Getsi da Challawa suna gwaji, kusan kowace shekara sai wani ya yi aikin kammala karatu a kai. Zan tambayi malaminmu ko za a iya ɗibar ƙasar filin, daga gefen rafi da tsakiya da can ƙarshen, a auna. Ba alkawari na yi ba, akwai kuɗin kayan gwaji. Amma ya fi a yi ta zato.

Lamba_Tara:
Daga gyaran raga an koma latas, an koma Zamfara, yanzu an shiga jami'a. Koci ka ga abin da nake gudu ko?

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Ƙasa ko yashewa. Mai maganar latas ya buɗe nasa zancen daban.

Lauya_MK:
Kafin a dawo, Shugaba, a ba ni minti ɗaya, don Lamba_Tara ya ce rafi aikin gwamnati ne kuma bai yi ƙarya ba. Tambayar ita ce wace gwamnatin, don in ka kai kuka ƙofar da ba ita ba, za a karɓi takardarka a yi maka murmushi ka dawo. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a a kan ƙananan hukumomi. A cikin birnin Kano kuma akwai REMASAB mai kula da shara, akwai KNUPDA mai kula da tsarin gine-gine, ita ce ta san inda aka hana gini a kan hanyar ruwa. Ruwan da kamfani ke saki kuwa akwai ma'aikatar muhalli ta jiha, akwai NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007, kuma tun 2009 tana da ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da kamfanonin fata. Don haka takarda uku za a rubuta, ba ɗaya ba, kowacce da hotuna da kwanan wata da sa hannun mai unguwa.

Akwai kuma abin da ba wanda ya tambaya: filin nan na wa ne a takarda? Na makaranta ne, ko fili ne da aka ware wa unguwa, ko kuwa kowa ya ɗauka na kowa ne? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Filin da ba a san matsayinsa ba, ranar da kuka gyara shi ya yi kyau, ranar ce wani zai fara ganin shaguna a jikinsa. Kafin ku zuba ko kwano ɗaya na ƙasa ku nemo wannan amsar.

Kawu_Na_Kasuwa:
Lauya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ina filayen da muka buga ƙwallo muna yara? Ina kududdufan cikin gari da suke shanye ruwan sama? An cike su da shara, an yanka, an gine. Ruwa kuwa bai san an sayar da gidansa ba, duk damina sai ya dawo neman wurinsa. Filin nan namu ma abin da ya cece shi har yau shi ne ambaliyar, ba mai son ya sayi wurin da ruwa ke kwana. Ku yi hattara kada ku gyara wa wani.

Sai_Masu_Gida:
Wato Kawu yana cewa ƙazantar ce mai gadinmu. Allah ya kyauta.

Dan_Birged:
Me zai hana a rufe rafin gaba ɗaya kamar yadda aka yi wa Jakara a cikin gari? Lokacin Kwankwaso na biyu ai an gina ta da kankare aka ɗora titin Wuju-Wuju a kai. Da an yi mana haka da mun huta da wari da sauro.

Kawu_Na_Kasuwa:
An fara dai. Ka tambayi mutanen wajen shekara nawa aikin ya yi a tsaye bayan 2015.

Jan_Kwalli:
To wa ya tsayar da shi? A faɗi gaskiya mana.

Shugaban_Zaure:
A'a. Ba za a yi wannan a nan ba. Duk wanda ya sake kawo jar hula ko wata hula zan goge. Masu siyasa suna da zaurukansu.

Injiniya_SB:
Ba siyasa zan yi ba Shugaba, aikin zan yi wa bayani. Rufe rafi yana ɓoye ruwa ne, ba ya tsarkake shi. Abin da ya shiga daga sama haka zai fito a ƙasa, mutanen Wasai masu kamun kifi da masu noman rani su karɓa. Kuma rufaffiyar hanya in ta toshe ta fi buɗaɗɗiya wahalar yashewa. Ba aikin unguwa ba ne ma, na biliyoyi ne.

Ga abin da nake ganin kuɗinmu zai iya. A buɗe bakin kwalbati da cikinsa, a kwashe abin da aka fitar a ranar, don in aka tara shi a gefe ruwa ɗaya zai mayar da shi, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru bara ke nan da Lamba_Tara yake faɗi. A sa ragar ƙarfe mai faɗin ido a ɗan nesa kafin bakin, ta riƙa tare leda inda manjagara za ta kai. A yi ɗan tudu da buhunan ƙasa a gefen filin da ke kallon rafi. Abin da ya rage a cike manyan ramuka na gaban raga biyu, a karkata filin kaɗan, kamar santimita 1 a kowace mita, don ruwan sama ya riƙa gangarewa. Babbar zubar ƙasa a bari sai bayan Oktoba.

Lamba_Tara:
Injiniya, ragar ƙarfe a bakin rafi? Kwana nawa za ta yi kafin 'yan jari-bola su kai ta sikeli? Turken ragarmu na ƙarfe ma da aka binne da siminti an yanke shi cikin dare.

Injiniya_SB:
Wannan kam ka kama ni. Sai dai a yi ta da kankare ko a samu mai gadi.

Malam_Na_Islamiyya:
Assalamu alaikum. Ina ganin akwai gefen da mu malamai ya kamata mu ɗauka. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a mashayar mutane da kan hanya da inuwar da ake zama. Ya sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To mu da muke karanta wannan, mu ne kuma gidajenmu suke ba almajiri naira hamsin ya ɗauki shara, ba mu tambaye shi inda zai kai ba, alhali mun sani. Yaron ba shi da laifi, wurin da ya fi kusa zai nufa. Zan yi magana da liman a taɓo batun ranar Juma'a, in sha Allahu.

Maman_Yan_Biyu:
Allah ya saka da alheri Malam. Amma a faɗa mana inda za mu kai. Wurin zuba shara mafi kusa da mu sai ka tsallaka babban titi, kuma shi ma a cike yake har ya ci rabin hanya. Mace tana gida da yara, maigida ya fita tun safe, shara ta taru, me za ta yi? In an kawo mai kura da zai riƙa zagayawa ana biyansa a wata, ni ce ta farko da zan biya. Wa'azi ba tare da wurin zubawa ba, sati ɗaya ne a koma gidan jiya.

Uwar_Gida_Layi_Na_Uku:
Gaskiyarki Maman 'yan biyu. Kuma a daina ɗora wa mata komai. Masu kwasar masai da suke zuwa da daddare su juye a rafin nan mata ne? Masu gidajen da suka huda bututun banɗakinsu kai tsaye cikin lambatu fa? Duk mun san gidajen, da na masu faɗa-a-ji a ciki.

Shugaban_Zaure:
Hajiya a yi haƙuri kada a ambaci gida ko suna. Wannan a kai wa mai unguwa da duba-gari.

Dan_Kakuri:
Ni baƙo ne a unguwar, daga Kaduna na dawo. Mu ma mun ga irin wannan lokacin da masaƙun Kakuri suke aiki, lambatun da ke gangarawa kogin Kaduna kullum da launin atamfar da aka rina ranar. Da masaƙun suka durƙushe launin ya ragu, amma ruwan bai gyaru ba, sai leda ta gaji wurin, ga kuma dubban mutane ba aikin yi. Don haka mai cewa a rufe kamfanoni ya yi tunani. A tilasta musu tacewa dai.

Baba_Tsohon_Majemi:
Haka ne ɗan Kaduna. Kuma dokar ba yau aka fara ta ba. Tun da aka kama sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988 gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli. Muna aiki ana zuwa dubawa. Sai dai ranar da za a zo, ko ta yaya, an riga an sani, injin tacewa yana ta ruri tun safe.

Gola_Mai_Hannu_Daya:
Ni tambayata daban. Tunda ruwa yana gefenmu rani da damina, me zai hana mu shuka ciyawa mu riƙa ja da inji muna shayarwa? Mu da muke faɗuwa a kan tsakuwa mu muka san zafin. Gwiwoyina duk tabo ne.

Dan_Lambu:
Kai yaro rufa wa kanka asiri. Da rani ruwan nan kauri yake yi, don ba ruwan sama da zai sirka shi. Akwai ranakun da in muka ga launinsa ko muka ji warinsa ba ma tayar da inji, don in ka shayar da shi ganye ƙonewa yake. Wurin da aka daɗe ana ba shi ruwan za ka ga ƙasa ta yi fari-fari kamar kanwa. Mu muna da takalmin roba wasunmu, kai kuma da ƙirji za ka faɗa a kai.

Injiniya_SB:
Ƙari a kan na Dan_Lambu: ciyawa a zafin Kano tana son aƙalla milimita 5 na ruwa kullum. A filinmu lita 22,500 ke nan, jarka 900 ta 'yan ga-ruwa, kowace rana. Sai da rijiyar burtsatse da sola da mai kula. Ku manta da ciyawa. Fili mai laushin ƙasa da aka tsince tsakuwa aka baje da yashi kaɗan ya ishe mu.

Sai_Masu_Gida:
Ai ko babban filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, da ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009, kula da shi sai da gwamnati ta sa hannu ake iyawa. Balle mu. Amma kada a raina filin ƙasa. Kano Pillars ta ci kofin gasar firimiyar Najeriya a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014, ku tambaya a ina yawancin yaran suka koyi ƙwallo in ba a irin wannan ƙurar ba. Ahmed Musa ma da ya samu, wurin wasanni ya zo ya gina a Hotoro. Ni dai ra'ayina a raba kuɗin, rabi kwalbati rabi raga, kowa ya samu.

Lauya_MK:
Raba kuɗin yana da matsala ɗaya. Mutane sun bayar ne da sunan gyaran fili. In za a karkatar da ko naira ɗaya zuwa kwalbati, a tara waɗanda suka bayar a faɗa musu, a rubuta. In ba haka ba gobe za a ce kwamiti ya ci kuɗi, kuma ba za a sake ba ku ko sisi ba.

Ma'ajin_Kungiya:
Lauya ya faɗi abin da ke raina. Littafin yana wurina, sunan kowa da abin da ya bayar. Ba zan fitar da kuɗi a kan wani abu daban ba sai da sa hannun mutum uku da amincewar taro. Kuma in sanar da ku, cikin dubu 640 ɗin, dubu 85 alkawari ne ba su shigo ba tukuna. Masu alkawari kun san kanku.

Lamba_Tara:
To ni ga tawa ta ƙarshe. Mu 'yan ƙwallo mun fi mutum arba'in da manya da ƙanana. Mu za mu yashe kwalbatin da hannunmu ranar Asabar ta ƙarshen wata, tunda dama an hana zirga-zirga daga bakwai zuwa goma. Kyauta. Kuɗin fili ya tsaya a fili. Abin da muke so unguwa ta kawo shebur da baro da motar da za ta kwashe.

Anti_Nas:
Ba da hannu tsirara ba, kuma ba yara ƙanana ba. Takalmin roba mai tsawo, safar hannu mai kauri, abin rufe hanci. Kuma kada kowa ya kutsa cikin kwalbatin can ciki. Iskar da ke taruwa a irin wannan wuri, mai warin ƙwan da Baba ya faɗa, tana iya kayar da ƙato nan take, in ta yi yawa ma hanci daina jin ta yake. Daga baki za a riƙa jawowa da manjagara mai dogon hannu.

Koci_Na_Fili:
Na ji duka, Allah ya saka. Abin da zan kai wa kwamiti: tayin su Lamba_Tara, lissafin Injiniya, da tambayar Lauya a kan takardar fili, wadda ni kaina ban taɓa ganin ta ba duk shekarun nan. Kayan kariya da Anti ta lissafa kuɗi ne, kuma daga asusun nan za su fito, don haka Ma'aji ka shirya, maganar karkatarwa ba ta mutu ba.

Kawu_Na_Kasuwa:
Baro biyu da shebur huɗu daga shagona, aro ne ba kyauta ba, a dawo mini da su a wanke. Mota kuwa kada ku dogara da alkawarin kowa, ku sa kuɗin tifa ɗaya a lissafi.

Uwar_Gida_Layi_Na_Uku:
Har yanzu ba wanda ya amsa maganar mai kurar shara. Ku yashe ranar Asabar, ranar Litinin ina za mu zuba?

Dan_Lambu:
Koci, in Asabar ɗin ce a gaya mana tun Alhamis mu janye tiyo. Kuma taɓon da za a fitar kada a jibge shi ta gefen albasata kamar yadda aka yi bara.